Na taya gida, dillali ya ce wani ya ƙara a kan tayina: in bi ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, na daɗe ina zaman haya. Na sayar da filina na haɗa da abin da na tara, na samu gida a wajen Rijiyar Zaki, an sa masa naira miliyan 45. Na taya 40 aka ce albarka, na ƙara zuwa 42, dillali ya ce mai gidan ya kusa sallamawa. Bayan kwana biyu sai ya kira ni wai wani Alhaji ya taya 44, in ban kai 46 na ba da kafin alƙalami kafin Juma'a ba, gidan ya wuce ni. Iyalina sun ga gidan, sun ƙwallafa rai a kai. Duk abin da ke hannuna miliyan 47 ne. In ƙara ko in haƙura? Kuma ya halatta a yi mini haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya cika maka burinka na fita daga haya. Sana'ata kimanta gidaje da filaye ce, kuma irin wannan kira na dillali, mai ɗauke da wani mai saye da ba ka gani ba da wa'adin kwana biyu ko uku, abu ne da ake kawo mini a kai a kai. Shawarata kada ka je 46. Tun kafin a shiga maganar ko Alhajin nan yana nan ko ba ya nan, lissafinka ne bai kai ba.

Ka ce 47 ke hannunka, amma kuɗin gida ba ya tsayawa a kan abin da mai gida zai karɓa. La'adar da aka saba a cinikin gida kashi 5 ce cikin ɗari, in ba kun yi wata yarjejeniya ta daban ba. A kan miliyan 46, la'ada kaɗai miliyan 2 da dubu 300 ce. Ka ga ka haura 48 ke nan, alhali ba ka biya lauyan da zai rubuta takardar ciniki ba, ba ka biya kuɗin bincike a ofishin ƙasa ba, balle kuɗin neman amincewar gwamna, da harajin hatimi, da na rajista, da bashin harajin ƙasa in mai gidan ya tara bai biya ba. Gyara ma yana nan yana jira, domin gidan da aka zauna a ciki ba ya rasa famfon da ya lalace, ko wayar wuta da ta tsufa, ko masai da ya cika. Idan ka tsaya a 42, la'ada za ta ci miliyan 2 da dubu 100, ya rage maka miliyan 2 da dubu 900 na takardu da gyara da kwashe kaya. A 43 abin da zai rage bai kai miliyan 2 ba. Wato tayin da ka riga ka yi shi ne kusan ƙarshen ƙarfinka, 43 kuma ita ce iyaka.

Abin da ya sa nake matsa wannan lissafi shi ne na san inda giɓin yake fita. Mutumin da ya zuba duk abin da ya mallaka a farashi, abu na farko da yake jinginewa shi ne takardu. Sai ya tare a gida da takardar ciniki guda mai sa hannun shaidu biyu, ya ce in Allah Ya hore zai yi rajista, shekaru su wuce sunan wani ne a fayil ɗin gwamnati. Ranar da wanda ya sayar ya rasu, ko wani banki ya fito da takarda, ranar ce ake gane abin da aka bari.

Yanzu sai maganar Alhajin. Yana iya yiwuwa yana nan da gaske. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, masu hali suka daina yarda kuɗinsu ya kwana a banki. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabo, ginannen gida ya zama ma'ajiyar dukiya. Gida mai tsabtatacciyar takarda a unguwar da mota ke shiga damina da rani ba ya rasa masu so. Sai dai kasancewar hakan tana iya faruwa ba ta tabbatar da cewa ta faru a kan gidan nan ba, kuma kai ba ka ji komai daga bakin mai gida ba tukuna. Duk abin da ka sani, har da cewa ya kusa sallamawa a 42, daga bakin mutum ɗaya ka ji shi, mutumin da ba ya samun ko sisi sai ciniki ya faɗa.

Ba ina zargin dillalinka ba ne. Akwai dillalai masu amana da yawa, kuma ba don su ba da yawancinmu ba za mu san gidan da ke kasuwa ba. Amma cinikin gida a wajenmu da wuya ya bi ta hannun dillali ɗaya. Mai gida ya faɗa wa nasa, shi kuma ya faɗa wa abokan sana'a, hoto ya shiga WhatsApp, kafin maganar ta iso kunnen mai saye ta ratsa hannu uku ko huɗu, kowa yana jiran rabonsa, wani ma ya ɗora nasa a kan farashin ba da sanin mai gida ba. A irin wannan sarƙa magana tana sauya kama ko da ba wanda ya yi niyyar ƙarya. An taɓa kawo mini wani ciniki a nan Kano. Mai saye ya ga gida ta hannun dillali, ya taya, ya ji shiru, sai ya roƙi wani ɗan'uwan matarsa mai harkar filaye ya bincika masa ta wata hanya. Shi kuma ya je ya ce yana da mutum a hannu wanda zai iya ƙarawa. Maganar ta isa wa mai gida a matsayin masu saye biyu. Dillalin farko ya dawo ya ce an samu wanda ya fi shi, mutumin ya ƙara. Na biyun ya ji an ƙara, shi ma ya dawo ya ce sai an motsa. Sai ranar da aka zauna a zauren mai gidan, aka shimfiɗa tabarma, dillalan biyu kowa ya nuna nasa mai sayen, aka ga mutum ɗaya suke nunawa. Shi ya ɗaga wa kansa farashi. Saboda haka in ka tura wani ya bincika maka gidan nan ta bayan fage, ka dakatar da shi yau.

Hanyar gane gaskiya guda ce, ka nemi zama da mai gidan ido da ido. Ka tambaye shi nawa ya sa wa gidansa, nawa aka taya, kuma ko ya sallama wa wani. Abin da dillali yake tsoro a irin wannan zama shi ne a zagaye shi a hana shi haƙƙinsa, don haka ka cire masa wannan tsoro tun farko: ka rubuta masa cewa in ciniki ya faɗa la'adarsa tana nan, ka sa hannu. Dillalin da aka ba wannan tabbaci amma ya ci gaba da cewa mai gida ya yi tafiya, ko ba ya son ganin mutane, ko a tura kafin alƙalami asusunsa shi zai kai, to ka ja da baya. Haka nan in ka lura duk sanda ka motsa, wancan mai sayen yana motsawa da ɗan abin da ya ɗara naka, ko kuma wa'adin da aka ce ba ya ɗagawa ya zo ya wuce aka sake sa wani.

Ka tambaya ko ya halatta. Malamanmu na Malikiyya sun warware wannan mas'ala tun da daɗewa, kuma sun raba ta kashi biyu. Hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Imamu Malik ya fassara hanin a Muwaɗɗa da cewa yana farawa ne idan mai kaya ya karkata ga mai tayi, sun shiga tsara sharuɗɗa, alamu sun nuna ya yi niyyar sayar masa. Amma kayan da aka sa a kasuwa mutane da yawa suna tayawa, babu laifi wani ya ƙara a kan wani. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ita ma haka ta kawo: hanin yana kan lokacin da suka karkata ga juna suka kusa daidaitawa, ba a farkon tayi ba. To a naka cinikin, in mai gidan bai sallama maka ba, bai kuma nuna ya karkata gare ka ba, wanda ya zo ya taya 44 bai yi laifi ba, mai gidan ma yana da damar sauraronsa. In kuwa ya riga ya ce ya sallama a gaban shaidu, magana ta sauya, domin a mazhabarmu ciniki yana ƙulluwa da furuci ko da ba a tashi daga wurin ba. Wannan ma wani dalili ne na jin maganar daga bakinsa, don “ya kusa sallamawa” ba sallama ba ce. Kuma hukuncin yana hawa kanka kai ma: in ka je ka tarar ya riga ya sallama wa Alhajin, bai kamata ka zuba kuɗi don a warware cinikinsu ba.

Kashi na biyu shi ne wanda babu saɓani a kan haramcinsa, wato a ƙara farashi ba da niyyar saye ba, don kawai a zuga wani ya ƙara. Shi ne najashi, kuma hadisi ya hana shi ƙarara. Ƙirƙirar mai saye na bogi, ko faɗin tayin da ba a yi ba, yaudara ce ta wannan babi. Malaman Malikiyya sun ce in mai kaya ya san da abin, wanda aka yaudara yana da zaɓin mayar da cinikin. Matsalar ita ce tabbatar da hakan a gaban alƙali bayan kuɗi sun riga sun fita, abu ne mai wuya ƙwarai, shi ya sa kare kai kafin biya ya fi.

Sai tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ce uwar tambayoyin: nawa gidan ya cancanta? Miliyan 45 abin da aka sa masa ne, 44 abin da aka ce wani ya faɗa ne, babu ɗaya a cikinsu da ke nuna darajar gidan. Mu masu kimantawa abin da muke nema shi ne farashin da aka sayar da makamantansa a unguwar a 'yan watannin nan, wanda aka biya, ba wanda aka nema ba. Mai unguwa yakan sani, domin yana sa hannu a matsayin shaida. Maƙwabta ma sukan sani. Bayan haka mukan raba lissafi biyu: nawa fili irin wannan yake a layin, kuma nawa za a kashe a yi gini irin wannan yau, a cire tsufansa. Akwai kuma ma'aunin haya. In gidan zai ba da hayar miliyan 2 a shekara, a kan 46 sai ya shekara 23 kafin ya mayar da kuɗinsa, a kan 42 kuma shekara 21. In makamantansa a unguwar suna mayar da nasu a ƙasa da haka nesa, to ka san an yi masa tsada. Ɗaukar ƙwararren mai kimantawa mai rajista ya duba maka gidan ba zai ci ko kusa da miliyan 4 da ake so ka ƙara ba.

Kuma ka sake komawa gidan ba tare da iyali ba, da rana, da wani magini da ka yarda da shi. Ka duba gindin bango ta ciki da ta waje, in ka ga layin danshi ko fenti ya kumbura yana ɓarewa, ruwa yana tasowa daga ƙasa. Sabon fenti a ɗaki ɗaya kaɗai yana buƙatar tambaya. Ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai tabon yoyo, ka buɗe murfin masai, ka tambayi maƙwabta inda ruwan layin yake bi in an yi mamakon Agusta, da kuma zurfin da suka yi kafin su sami ruwa a rijiyar burtsatse. Ranar da aka kai iyali ganin gida ido yana kan girman falo ne da kicin, ba a ganin waɗannan.

Akwai wani abu da masana gwanjo suka daɗe da ganowa. A 1971 wasu injiniyoyin man fetur a Amurka suka lura cewa kamfanonin da ke cin gwanjon wuraren haƙar mai a Tekun Meziko sau da yawa ba sa samun ribar da suka yi tsammani. Dalilin shi ne in mutane da yawa suna kimanta abu ɗaya, wasu za su yi ƙasa da darajarsa, wasu sama, kuma wanda ya ci shi ne wanda ya fi kowa yin sama. Wato cin takara kaɗai alama ce da ke nuna ka ba da abin da duk sauran masu nema suka ƙi bayarwa. Ba lallai ne hakan ya zama asara ba, in gidan yana da wani amfani na musamman a wajenka, kamar kusa da iyaye ko wurin aiki ko makarantar yara, ƙarin yana da dalili. Amma ka sa wa wannan amfanin adadi tun kafin wayar dillali ta sake shigowa, ka rubuta shi, ka faɗa wa maiɗakinka. Wanda bai yanke iyakarsa a natse ba, abokin takara ne zai yanke masa ita, kuma daga ƙarin farko zuwa na biyu zuciya takan koma kan kada a kayar da ni, a manta da gidan.

To in ba za ka ƙara ba, da me za ka yi takara? Da tabbas. Masu sayar da gida a irin wannan lokaci galibi buƙata ce ta sa su, ko bashi, ko jari, ko rabon gado, ko wani gini da ke jiran a kammala. Abin da suka fi tsoro shi ne mai tayi mai tsoka da zai ba da wani abu ya ce a jira shi wata uku, alhali naira tana zubewa a hannu. Kai kuɗinka suna ajiye, wannan babban makami ne. Wanda ke jiran rancen asusun gidaje na ƙasa ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, duk da sauƙin ruwansa na kashi 6 cikin ɗari, yana buƙatar watanni kafin kuɗi su fito, wanda ke jiran ya sayar da wata kadara shi ma haka. Ka nuna wa mai gidan shaidar banki cewa kuɗin suna nan, amma ta adadin da ka taya kaɗai, kada ka nuna masa 47, kada kuma dillali ya san iyakarka. Ka ce masa lauyanka a shirye yake, da zarar bincike ya fito za a biya gaba ɗaya rana guda. Ka tambaye shi abin da ya fi damunsa bayan kuɗi. Sau da yawa za ka tarar yana buƙatar wata biyu ko uku kafin ya tashi, ko yana so a bar yara su gama zangon karatu. Kai da kake haya kana iya ba shi wannan lokaci, a rubuce da ranar fita, kuma a wajen mutum mai iyali wannan yakan fi ƙarin miliyan ɗaya. In akwai wani dattijo da ku duka kuke ganin girmansa, limamin unguwa ko wani abokin aikinsa, ka tafi da shi.

Sannan ka yi tayi guda na ƙarshe, a rubuce, mai wa'adi. Ka ce 42 ko 43, gwargwadon abin da kimantawa ta nuna, kuma tayin yana nan zuwa rana kaza. Kada ka shiga ƙarin dubu ɗari biyar biyar, domin kowane ƙari yana koya wa ɗaya ɓangaren cewa akwai saura a aljihunka. In da gaske akwai mai saye na biyu, ka ba mai gidan shawarar abin da ake yi a Sikotland: a sa rana da lokaci, kowa ya kawo tayinsa na ƙarshe a rufe, a buɗe a gaban lauya ko shaidu, mai gida ya zaɓa. Wannan yana kashe kai-komon waya, kuma in babu wani Alhaji ranar za a gani. A Amurka, musamman a 2021 lokacin da ruwan rancen gida ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin ɗari masu saye suka yi wa gidaje rubdugu, an yi ta amfani da wani sharaɗi da mai saye ke cewa zai ɗara duk wani tayi da adadi kaza har zuwa iyaka kaza. Kada ka kwaikwayi wannan a nan. Can ana nuna takardar tayin ɗayan kafin ƙarin ya hau, a nan kuwa ka faɗi iyakarka ne kawai ga wanda zai amfana da saninta.

Abin da ba za ka taɓa bayarwa don ka ci takara ba shi ne bincike, kuma shi ne ainihin abin da wa'adin gaggawa yake ƙwacewa. Ƙarin miliyan 2 ko 3 asara ce da ake farfaɗowa daga gare ta, amma sayen gidan da ba na mai sayarwa ba ne yana tafiya da komai. In gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, wadda aka fi sani da C of O, ka ga ta asali da idonka, ba hoto ba, ka ɗauki lambar fayil lauyanka ya bincika a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, wato hukumar adana bayanan filaye ta Kano, kamar yadda ake yi a KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja. Binciken zai nuna sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai ƙorafi a kai, ko an soke takardar. Gwamnatin Kano ta fara aikin sabunta takardun mallaka a ƙarshen 2024, don haka ka tambaya ko an sabunta wannan. In takardar asali ba ta hannun mai gida, tambayar ita ce tana hannun wa, kuma amsar sau da yawa banki ce. In kuma awon igiya ne, aikin ya fi yawa: ka bi takardun ciniki daga hannu zuwa hannu, ka je wajen mai unguwa da dagaci, ka tabbatar ginin bai hau hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ba. Ka tuna kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta wajabta amincewar gwamna kafin a mayar da haƙƙin mallaka ga wani, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da nauyin wannan sharaɗi a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989.

Gidan gado yana da nasa. Sau da yawa abin da ake kira takarar masu saye rigimar magada ce, kowane ɓangare ya kawo nasa mai sayen. In gidan nan na gado ne, ka nemi takardar kotun da ta raba gadon, ko sa hannun dukkan magada, mata da maza, da wakilin marayu in akwai. In kason wani kake saye a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shufa'a, suna iya karɓe shi a kan kuɗin da ka biya.

Kafin alƙalami kuwa, kada ya fita sai da takarda, kuma kada ya shiga asusun dillali. Takardar ta faɗi cikakken farashi, ta ce wannan kuɗi wani ɓangare ne na farashin, ta sa ranar cikawa, ta ce mai gida ya janye gidan daga kasuwa zuwa wannan rana, ta kuma ce in bincike ya nuna matsala ko mai gida ya fasa za a mayar maka da kuɗinka cif. A mazhabar Malikiyya bai halatta a sharɗanta cewa mai kaya zai cinye kafin alƙalami in ciniki ya warware ba, ko da yake Hanbaliyya sun halatta. Fiƙihunmu ma ya tanadi cinikin zaɓi, wanda a kan gida ake iya ba mai saye kimanin wata guda ya bincika, sai dai ba a sharɗanta miƙa wa mai kaya kuɗi a cikin wannan lokaci. Mafita mai kyau ita ce a ajiye kuɗin a hannun lauya ko wani amintacce da ku biyu kuka yarda da shi, mai gida ya natsu cewa da gaske kake, kai ma ka natsu kuɗinka ba su shiga wata hidima ba. Kwana 10 zuwa 14 na bincike ba abin da mai gida na gaskiya zai ƙi ba ne. Ranar biya a bi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai takarda. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. A zama guda a biya, a sa hannu a takardar mayar da mallaka, ka karɓi takardun asali da makullai, ko rubutacciyar ranar fita in kun yi haka, sannan lauya ya shigar da neman amincewa da rajista ba tare da jinkiri ba. Tazarar da ke tsakanin sallama da sa hannu ita ce ƙofar da wani yake shigowa ta ciki da ƙari. Ko a Ingila, inda doka ta wajabta wa dillali ya miƙa wa mai gida kowane tayi a rubuce ta kuma hana shi ƙirƙirar na ƙarya, mai gida yana iya juya wa wanda ya amsa wa baya matuƙar ba a yi musayar takardun yarjejeniya ba.

Yana iya yiwuwa ka yi duk wannan, Alhajin ya tabbata, ya biya 44 ko fiye, gidan ya tafi. Zai yi ciwo, musamman ga iyali, don haka ka zauna da su tun yanzu ka nuna musu lissafin, kuma ka ci gaba da duba wasu gidajen a wannan makon, kada ka tsaya a kan guda. Ka rabu da mai gidan da dillalin lafiya, ka bar musu lambarka, ka ce in wancan ciniki bai faɗa ba kana nan. Manyan tayi da yawa suna rushewa a wajen cikawa, kuma mutumin da aka sani da kuɗi a hannu shi ake fara kira. In suka dawo, tayinka na baya ne yake aiki, ba na Alhajin ba. Kafin ka ba da komai kuma, ka ga shaida a rubuce cewa an warware wancan cinikin, an mayar masa da abin da ya bayar, shi ma ya sa hannu cewa ba shi da sauran haƙƙi a kan gidan.